Harris, Donegal ko Cheviot: Wane Tuwid Ya Dace a Ɗinka Cikakken Kwat da Shi?

Wanda zai tafi karatu ko aiki Birtaniya, ko wanda ke zaune a gari mai sanyi irin Jos, in ya shiga neman kwat mai ɗumi, da wuya bai ci karo da tuwid ba. Yadin ulu ne mai kauri da ɗan kaushi, wanda in ka hango shi daga nesa za ka ce launi ɗaya ne, sai ka matso ka ga launuka huɗu ko biyar sun cakuɗe a cikin zaren. Asalinsa tufafin makiyaya, masunta da mafarauta ne na Sikotilan da Ayilan, ƙasashen iska da yayyafi. Matsalar ita ce, sunan tuwid ya rufe yadudduka masu halaye daban-daban. Wani ya dace da rigar kwat amma yana kashe wando cikin shekara biyu, wani kuma zai yi shekara ashirin bai gaji ba amma ba za ka iya zama da shi a ofis ba. Mai saye kan tsaya a kan suna da launi, alhali abin da zai yanke hukunci shi ne nauyin yadin da yadda aka murɗa zarensa.

A fara da nauyi, domin shi ne ma'aunin da za a yi ta komawa gare shi. 'Yan kasuwar yadi na Birtaniya suna faɗin nauyi da giram a kowace mita, kan yadi mai faɗin santimita 150, ko kuma da oza a kowane yadi. In an ba ka da oza, ninka shi sau 31 za ka samu giram: oza 11 kusan giram 340 ke nan, oza 14 kusan 435, oza 16 kusan 500, oza 18 kusan 560. Kwat ɗin ofis da aka saba gani, mai santsin nan, yakan tsaya tsakanin giram 250 da 310. Ka ga ke nan tuwid mai giram 500 ya kusa ninka shi. A kan titin Edinbura, babban birnin Sikotilan, a watan Janairu, lokacin da ma'aunin zafi ke yawo kusa da digiri 4 ko 5, wannan nauyin alheri ne. Da ka shiga aji ko ofis da aka ɗumama zuwa digiri 21, sai ya zama kaya. Mafi yawan masu sayen tuwid a yau a cikin gini suke wuni, don haka tambayar farko ita ce awa nawa za ka yi a waje da awa nawa a zaune.

Harris Tweed shi ne wanda ya fi suna, kuma shi ne wanda doka ta tsare sunansa. Dokar majalisar Birtaniya ta 1993 ta ce ba a kiran yadi da wannan suna sai in mutanen tsibiran Outer Hebrides, da ke yammacin Sikotilan, ne suka saƙa shi da hannu a gidajensu, da zallar sabon ulu da aka rina aka kaɗa a tsibiran, aka kuma gama gyara shi a can. Hukumar Harris Tweed ce ke duba kowane bandir kafin ta buga masa tambarinta, wani ƙwallo mai gicciye a samansa, wanda ake amfani da shi tun wajen 1910. Masana'antun da ke rini da kaɗi suna tsibirin Lewis, a Shawbost da Stornoway da Carloway, su ke aika zare gidajen masaƙa, masaƙin kuma ya tuƙa masaƙarsa da ƙafa, ba lantarki. Sirrin kyan launinsa shi ne ana rina ulun ne tun yana gashi, kafin a kaɗa shi. Sai a auna launuka daban-daban a gauraya, a shiɓe su wuri guda, kamar yadda mata ke shiɓar auduga kafin kaɗi, sannan a fitar da zare. Shi ya sa ruwan ƙasan Harris ba ya yin fayau: akwai ja, rawaya, kore, har da shuɗi a ɓoye a cikinsa.

Wannan shiɓar ita ce ƙarfinsa, ita ce kuma rauninsa. Zaren da aka shiɓa yana riƙe iska a ciki, yana da ɗumi, yana ture yayyafi. Amma murɗinsa ba shi da tsauri, saƙar kuma a ɗan buɗe take. A rigar kwat babu abin da ya kai wannan daɗi, domin yadin yana bin jiki, yana laushi da shekaru, kuma ba ya nuna yamutsewa. A wando labarin ya bambanta. Karin guga ba ya zama, gwiwa tana kumbura ta yi buhu, tsakanin cinyoyi kuma gashin yana cinyewa har saƙar ta fito fili. Ga kaushi: Harris da aka fi samu, mai giram 470 zuwa 500, in ya taɓa fatar cinya kai tsaye yana sa ƙaiƙayi. Ana ɗinka cikakken kwat da shi, kuma yana da kyau a ido, amma in kuɗin kwat ɗaya kake da shi, ka sayi rigar Harris kawai, ka haɗa ta da wandon wani yadi, kamar fulanel mai ruwan toka ko kodiroi.

Donegal daga yankin Donegal yake, a arewa maso yammacin Ayilan. Ana gane shi da ɗigo-ɗigon launi, wato 'yan ƙananan dunƙulen ulu ja, rawaya, fari ko kore da ake jefawa cikin zare lokacin kaɗi, su fito a fuskar yadin ba bisa tsari ba. Saƙarsa ta gargajiya mai sauƙi ce, zare ɗaya sama ɗaya ƙasa, kuma sau da yawa zaren tsaye launinsa daban da na kwance, misali fari da baƙi, sai yadin ya fito kamar an barbaɗa gishiri da barkono. Kamfanin Magee na garin Donegal, wanda ya fara a 1866, da Molloy & Sons na Ardara suna cikin waɗanda har yau suke saƙa shi a yankin. A nan akwai abin lura: sunan Donegal ya zama sunan salo, masaƙun Ingila da Italiya ma suna yin yadi mai ɗigo su kira shi haka. Wannan ba aibu ba ne in yadin mai kyau ne, sai dai kar a caje ka kuɗin na Ayilan a kan wanda ba can aka saƙa ba.

Don cikakken kwat, wato riga da wando yadi ɗaya, Donegal ya fi Harris sauƙin sha'ani. Ana samunsa a matsakaicin nauyi, giram 340 zuwa 430, kuma da yawansa da ulun tumakin merino mai laushi ake yin sa, don haka bai cika cizon fata ba. Ba shi da zane mai ƙarfi, shi ya sa mai ruwan toka mai duhu ko shuɗi mai duhu yake shiga taro, ofis da ɗaurin aure ba tare da an ce ka yi shigar farauta ba. Rauninsa biyu ne. In laushin ya yi yawa, musamman wanda aka gauraya da kashmiya, wandon zai gaji da wuri kamar na Harris. Na biyu, a yadi mai arha ɗigon ba ya kama zare sosai, sai ka ga yana fita da goga ko a wurin da jaka ke gugar kafaɗa. Gwajin mai sauƙi ne: kama ɗigo ɗaya da farce ka ɗan ja. In ya fito ba gardama, bar yadin.

Cheviot shi ne wanda ba a cika ambatonsa ba, kuma shi ne ya fi cancanta a yi wando da shi. Sunan daga tumakin duwatsun Cheviot ne, a kan iyakar Ingila da Sikotilan, masu gashi mai tsauri. Ana murɗa zarensa sosai a matse saƙar, sai yadin ya fito da tauri da ɗan sheƙi, launukansa kuma a bayyane. Masaƙun yankin iyakar, kamar Lovat Mill da ke Hawick, sun daɗe suna yin irin wannan don masu gadin gandun farauta, mutanen da ke wuni cikin ƙaya da ruwa. Akwai ma wani nau'i da ake kira Thornproof, wanda ake murɗa zare biyu wuri guda da ƙarfi, nauyinsa ya kai wajen giram 550, har in ƙaya ta huda shi, ka murza wurin da yatsa, ramin ya rufe. Wandon irin wannan yadin yana riƙe kari, yana sauka a miƙe, kuma gwiwarsa tana daɗewa ba ta kumbura ba. Abin da za ka biya shi ne jin daɗi: a watannin farko yana da tauri kamar sabon buhu, yana da zafi a cikin gini, kuma dole a yi masa shafi. In ka samu Cheviot mai giram 400 zuwa 440, wannan shi ne tsaka-tsakin da ya fi dacewa da wanda zai sa kwat ɗinsa sau biyu ko uku a mako duk tsawon sanyin Turai.

Wasu nau'o'in tuwid biyu, Shetland da Saxony, ba sa buƙatar dogon bayani. Shetland mai laushi ne, mara nauyi, kamar soso a hannu, ya dace da riga kaɗai. Saxony ulun merino ne mai santsi, shi ake yawan yi wa zanen gida-gida irin na Glen Urquhart, yana da daɗin sawa amma bai kai Cheviot juriya ba.

Akwai kuma zaɓin da ya fi shafar mai zama a ƙasar Hausa. Wasu masaƙu suna ɗaukar launuka da zanen tuwid su saka a kan ulun da aka taje maimakon shiɓa, wato irin zaren kwat ɗin ofis, siriri mai santsi. Sanannen misali shi ne Glorious Twelfth na Porter & Harding, mai nauyin kusan giram 340. Masu ra'ayin riƙau za su ce wannan ba tuwid na gaskiya ba ne, kuma suna da hujja, domin ba shi da gashin nan da zurfin launi. Amma a Kano ko Zinder, inda ko a tsakiyar hunturu sanyin safe ke wucewa kafin azahar, shi kaɗai ne za ka iya wuni da shi. Tuwid mai giram 500 a can sai dai daga asuba zuwa hantsi a Disamba da Janairu. A Jos ko tsaunin Mambila, rigar Harris tana da amfani na gaske da safe da dare. Daga Maris zuwa Mayu kuwa, babu wani tuwid da ya kamata ya fito daga ma'aji.

Batun zane yana tafiya da wannan zaɓi. Ƙashin kifi, wato layukan da ke karkata hagu da dama suna haɗuwa kamar ƙayar bayan kifi, shi ne mafi aminci ga cikakken kwat, musamman in faɗin kowane layi bai wuce santimita 1 ba. Manyan gidajen dara masu layi ja ko shuɗi a kan kore suna da kyau a riga, amma in suka rufe mutum daga wuya zuwa idon sawu sai ya zama abin kallo, kuma suna ƙara wa gajere ko mai jiki faɗi. Zanen haƙorin kare, wato gida-gida masu tsini a gefe, ƙanana yana narkewa daga nesa, manya kuma yana ɗaukar ido. A kan baƙar fata, ruwan tsatsa, koren gansakuka, ruwan zuma da shuɗi mai duhu suna fitowa da kyau ƙwarai, fiye da ruwan ƙasa mai duhu wanda yakan haɗe da fatar fuska ya dusashe, sai in an raba su da farar kwala.

In ɗinkawa za ka yi, ga lissafin yadi ga mutum matsakaici, a kan faɗin santimita 150: riga kaɗai mita 2 zuwa 2.2, riga da wando mita 3.5, in da falmaran mita 4. Mai zanen gida-gida a ƙara masa santimita 30 zuwa 50, domin sai tela ya daidaita layuka a ɗinkin baya, aljihu da inda hannu ya haɗu da ƙirji. Harris yana zuwa da faɗi biyu: na tsohuwar masaƙar Hattersley santimita 75 ne, na masaƙar Bonas-Griffith da ta shigo a shekarun 1990 kuma 150. In ka sayi mai ƙaramin faɗi, ninka duk lissafin. Wanda ya iya, ya ƙara mita 1.5 a ɗinka wando na biyu tun farko, domin wando ne ke riga mutuwa, kuma bayan shekara uku ba za ka samu yadin da launinsa ya yi daidai da rigar ba.

Telan da ya ƙware a kaftani ba lallai ne ya iya tuwid ba, don haka a tambaye shi abubuwa uku. Zai bi yadin da tururi kafin ya yanka? In bai yi ba, kwat ɗin zai tsuke a wankin farko. Zai kama bakin kowane yanki da ɗinkin tsare baki? Saƙar Harris da Shetland tana warwarewa in an bar ta haka. Sannan wane ƙyalle zai sa a cikin ƙirjin rigar don ya ƙarfafa shi? Wanda ake mannawa da dutsen guga ba ya kama tuwid mai gashi da kyau, bayan 'yan wanki sai ƙirjin ya yi ƙuraje. Kanbas, wato ƙyalle mai ɗan tauri da ake ɗinkewa da zare, ya fi tsada, amma shi ne ke tafiya da yadin.

Yankan wandon ya fi komai muhimmanci ga mai sallah da shi. Sujada da zaman tahiya sau da yawa a rana suna miƙa gwiwar wando fiye da duk wani zaman kujera, kuma matsattsen wandon tuwid ba zai yi wata uku bai yi buhu ba. A yanka shi da yalwa a cinya, da tattara ɗaya ko biyu a gaba, ƙugunsa ya hau har kusa da cibiya, bakin ƙafa santimita 20 zuwa 22. A yi masa shafi a gaba har ƙasan gwiwa, domin shafin yana ɗauke jan da yadin zai sha, yana kuma hana ƙaiƙayi. Kafin ka durƙusa, ɗan ɗago wandon daga cinya. Naɗin bakin ƙafa na santimita 4 zuwa 5 yana ƙara nauyin da ke ja shi ƙasa. Ita kuma rigar, a cire ta lokacin alwala maimakon a tura hannunta sama, domin jiƙaƙƙen ulu in aka tattare shi yana riƙe siffar da ya bushe da ita.

Rigar ta rufe mazaunai, ɗinkin kafaɗa ya tsaya daidai inda ƙashin kafaɗa ya ƙare, bakin hannun shat ya leƙo da santimita 1 zuwa 1.5. A bar wurin da siririyar suwaita za ta shiga. Maɓallin ƙasa na riga da na falmaran ba a ɓalla su. Falmaran dole ta rufe ƙugun wando gaba ɗaya, kuma ba a sa bel a ƙarƙashinta domin kansa yana turo ta, sai dai madaurin kafaɗa ko ɗan maɗaurin gefe. Amma a yi tunani kafin a ƙara falmaran a yadin da ya wuce giram 430: ninki biyu na ulu a ƙirji ke nan, a ɗaki mai ɗumi gumi ne kawai.

Abin da ake haɗawa da shi ya kasance shi ma yana da ɗan kaushi. Shat ɗin auduga mai kauri irin na Oxford, shuɗi mai haske ko ruwan madara, ya fi farin shat mai sheƙi dacewa. Taye na ulu ko saƙaƙƙe, ja mai duhu, kore ko shuɗi, yana zama daidai, na siliki mai walƙiya kuwa yana faɗa da yadin. In kwat ɗin yana da zane babba, shat da taye su zama marasa zane. Takalmi ruwan ƙasa sau-ciki mai ɗan kauri, ko mai huje-hujen ado, ko na fata mai gashi-gashi, da tafin roba in ƙasar ruwa za ka. Siririn baƙin takalmi mai ƙyalli yana ɓacewa a ƙarƙashin wando mai nauyi. A nan ma Donegal mai ruwan toka ya fi sauran sassauci, domin shi yana karɓar baƙin takalmi da taye mai duhu. Duk da haka, a Landan har yanzu ana ɗaukar tuwid mai ruwan ƙasa ko kore a matsayin tufafin ƙauye da ƙarshen mako. Ganawar neman aiki a banki ko ofishin lauyoyi, da taron dare na musamman, suna buƙatar kwat mai santsi, shuɗi ko toka mai duhu. A jami'a kuwa, ko wurin aikin da ba a tsaurara ba, tuwid a gida yake.

Rigunan tuwid suna fitowa a dilolin gwanjo, kuma a shagunan kayan hannu na Birtaniya ana samun Harris na gaske da araha, domin yadin ya kan fi mai shi daɗewa. Ɗaga rigar ka fuskanci haske, ramukan asu za su bayyana, musamman a ƙarƙashin kwala, hammata da cikin aljihu. Duba gwiwar hannu ko ta cinye. Shafi in ya yage ana sauya shi, ƙugu ana rage shi da santimita 4 ko 5, hannu ana gajarta shi da 2 ko 3, amma kafaɗa in ba ta yi daidai ba, gyaranta ya fi kuɗin rigar. Da ka kai ta gida, ɗaure ta a leda ka saka a firiza mai sanyin digiri 18 ƙasa da sifili na tsawon mako biyu, don kashe ƙwai da tsutsar asu kafin ta haɗu da sauran kayanka. Inda wuta ba ta tsayawa, a kai ta wurin masu wankin kwat tukuna.

Kulawar duka nau'o'in kusan ɗaya ce. A goge da burushin gashi daga sama zuwa ƙasa bayan kowace sawa, a lokacin hunturu ma har da cikin naɗin ƙafa, domin ƙurar da ta shige saƙa tana yanka zare a hankali. A rataye a hanga mai faɗin kafaɗa, a bar shi ya huta kwana ɗaya ko biyu. In ruwa ya jiƙa shi, ya bushe a inuwa, nesa da hita ko rana. Ba a sa shi a ruwan wanki, ba a ba mai wanki da guga na unguwa ya buga shi, domin ruwa da murza suna dunƙule ulu ya tsuke har abada. Wankin kamfani, wato wanda ba a sa ruwa, sau ɗaya a shekara ya isa, kafin a ajiye shi, tunda asu gumi da ɗigon abinci yake bi. Wajen guga, a shimfiɗa ƙyallen auduga mai ɗan laima a kai, a ɗora dutsen guga a ɗaga, kar a ja shi, in ba haka ba gashin zai kwanta ya yi sheƙi. Gwiwar da ta kumbura tana komawa in aka ba ta tururi aka danna daga gefe zuwa tsakiya: a Cheviot gyaran yana yin makonni, a Donegal 'yan kwanaki, a Harris da Shetland kuwa sai an maimaita kusan bayan kowace sawa.